Wa Ke Rina Hoton Adar? Tarihin Daidaita Launi Daga Zaren Fim Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana ce jama'a suka ɗora amincewarsu ga hoto mai motsi. Idan aka haska wa taro fim ɗin wani gari, da wuya a sami wanda zai tambaya ko launin ƙasar da ya gani a allo shi ne launinta na gaskiya. Alhali tsakanin ranar da aka ɗauki hoto da ranar da aka nuna shi akwai dogon aiki na bayan fage: a tace hotuna, a jera su, a haɗa sauti, sannan daga ƙarshe a daidaita launi, aikin da Faransawa ke kira étalonnage. Mai wannan aiki na ƙarshe shi ke yanke hukuncin yadda jan dutse zai yi ja, da yadda ganye zai yi kore, da kuma ko fuskar manomi za ta fito sarai ko za ta nutse cikin inuwar malfarsa.

Ƙasar Adar, musamman gundumomin Madawa da Buza da Keita, tana cikin wuraren da suka fi wuyar ɗauka a hoto. Tuddanta na jar marmara ne da baƙin dutse, kwaruruka irin na Majiya suna ratsa su. Da damina ta yi kore shar, da hunturu hazo ya rufe sama ta koma fari-fari, da rani kuma gonakin albasa su yi tsanwa a tsakiyar busasshen fili. Wannan maƙala za ta bi tarihin hannuwan da suka riƙa rina hoton irin wannan ƙasa, tun daga zamanin zaren fim har zuwa na kwamfuta, domin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su ga abin da ya dawo hannunmu a yau, da nauyin da ya biyo shi.

Lokacin da launi ke zuwa daga Paris

Sinimar Nijar ta soma ne da ƙaramin zare mai faɗin milimita 16. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma nazarin al'adu, ya yi finafinansa na farko da kyamarar Bell & Howell wadda ake ɗaure wa wani ƙarfe kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai tana juyawa. Da zaren Kodachrome, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1935, ya ɗauki Moi, un Noir a Abijan, fim ɗin 1958 da ya fito da Umaru Ganda. Shi Gandan ne daga baya ya shirya Cabascabo cikin baƙi da fari, sannan Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar Fespako ta Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita.

Sai dai a duk faɗin Nijar babu ɗakin wanke zaren fim. Wanda ya ɗauki hoto a Yamai ko a karkara, tilas ya rufe zarensa cikin gwangwani, ya sa a jirgi zuwa Faransa, ya zauna jiran makonni bai san ko abin da ya ɗauka ya yi kyau ko ya ƙone ba. A 1963 ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin sinima a Paris ƙarƙashin Jean-René Debrix, kuma a ɗakunansa aka tace da yawa daga finafinan farko na ƙasashen Afirka rainon Faransa.

A ɗakin wanki, daidaita launi aikin fitilu uku ne: ja, kore da shuɗi. Injin da ke buga kwafi daga dodon hoto yana da ma'auni daga 1 zuwa 50 ga kowace fitila, 25 ita ce tsakiya. Mai daidaitawa zai duba kowane yanki na fim ya rubuta masa lambobi uku, a buga kwafi, a haska, a gyara lambobin, a sake bugawa. Aikin ya yi kama da na marini da ke ƙidaya sau nawa zai tsoma zane cikin baba kafin ya tashi daga shuɗi ya kai baƙi. Bambancin shi ne marini ya san mai zanen, ya kuma san abin da garin ke kira turkuɗi mai kyau. Ma'aikacin Paris kuwa bai taɓa tsayawa ƙarƙashin hazon hunturu ba. Idan ya ga sama fara, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ɗauka kuskuren haske ne, ya karkata ta wajen shuɗin da ya saba gani. Bugu da ƙari, duk canjin da ya yi kan hoton gaba ɗaya yake faɗawa, ba shi da ikon haskaka fuska ya bar farar riga yadda take. Kowace sabuwar kwafi kuma kuɗi ce, ga mai fim da ya zo da guzurin ƴan kwanaki.

Da fatar wa aka yi awo?

Akwai wata matsala da ta riga mai daidaitawa shiga ɗakin. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton wata Baturiya, domin su daidaita injinansu da shi: idan fatarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya daidaita. Ɗakunan wankin fim ma suna da makamancinsa, wato ƴan hotunan fuskar mace da ake liƙawa a farkon zare, kuma galibinsu farar fata ne. Malama Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada, a binciken da ta buga a 2009, ta nuna cewa koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu mai duhu ke fitowa launi ɗaya a talla, yana cikin abin da ya sa kamfanin ya inganta yadda zarensa ke kama launuka masu duhu. Sai a 1995 aka fitar da kati mai mata uku masu fata daban-daban.

Mai karatu ya auna wannan da ranar kasuwar Madawa da azahar: ga rana tsaka, ga dattijo baƙi cikin farar riga da farin rawani, ga inuwar rumfa. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da duhun fuskar ta fi ƙarfin zaren wancan zamani, musamman irin Kodachrome da ba ya yafe kuskuren haske. Idan aka buɗe wa fuska, riga ta ƙone ta zama fari fat babu alamar ɗinki; idan aka rufe saboda riga, fuska ta zama baƙi ƙirin babu ido babu hanci. Harshenmu ya bambanta baƙi da wankan tarwaɗa da ja da fari, amma kayan aikin da aka ƙera a wata nahiya sun daɗe suna tara su wuri ɗaya.

Dattijon da ya zauna Tawa

Mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin riƙe launi a hannunsa shi ne Mustafa Alhassan, wanda aka haifa a N'Dounga kusa da Yamai a 1942. Tun yana yaro yake zana hotuna a takarda mai shara-shara yana haska su da fitila ga jama'ar garinsu. Ya yi aikin kanikanci, ya haɗu da Rouch a cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai, ya kuma je Kanada inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zanen hoto mai motsi. A 1962 ya fitar da Aouré, a 1965 La Mort de Gandji, a 1966 kuma Le Retour d'un aventurier, fim mai launi kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi. Toula, wanda ya shirya da Bajamushiya Anna Soehring a farkon shekarun 1970, labarin fari ne da neman ruwa, daidai lokacin da fari ke cin Sahel. Samba le grand na 1977 kuwa fim ne mai launi da ya yi da ƴan tsana.

Abin lura game da zane da ƴan tsana shi ne mai fim ne ke zaɓen launi tun kafin kyamara ta juya. Shi ke shafa fenti, shi ke ɗinka tufar ƴar tsana, shi ke kunna fitila a ɗaki. Ta haka rabon ɗakin wanki a cikin hukuncin ya ragu. Alhassan ya jagoranci sashen sinima na jami'ar Yamai shekaru goma sha biyar, daga baya ya koma Tawa ya zauna, inda ya mai da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin aiki. A can ne, da tsufansa, ya koyi zane da kwamfuta, kamar yadda fim ɗin da Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi a kansa a 2009 ya nuna. Ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015. A 2017 gidan tarihin fasaha na MoMA a New York ya nuna jerin finafinansa, a 2024 kuma aka sa sunansa ga cibiyar al'adu ta Yamai wadda a da ke ɗauke da sunan Jean Rouch. Darasin zamansa a Tawa shi ne aikin bayan ɗauka na iya yiwuwa nesa da babban birni, in akwai mai haƙurin koyo.

Zamanin kaset

Telebijin ta shigo Nijar ta hanyar makaranta a 1964, cikin baƙi da fari, sannan Télé Sahel ta soma watsa shirye-shirye ga ƙasa baki ɗaya a 1979. Da kyamarar bidiyo aka daina jiran jirgin Paris: ana ɗaukar kokowa ko wasan samariya da safe, a duba shi da yamma. A Kano kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, kuma kafin shekaru goma finafinan Hausa sun bi ta Maraɗi da Ƙonni sun cika kasuwannin Adar, ana kallonsu a rumfuna da injin janareta.

Aiki ya dawo gida, amma launi ya sha wuya. Najeriya ta bi tsarin launi na PAL, Nijar ta bi na Faransa mai suna SECAM, saboda haka kaset ɗin Kano a tsohuwar telebijin da ba ta san tsarin PAL ba sai ya fito baƙi da fari, har zuwa lokacin da akwatuna masu karɓar kowane tsari suka yawaita. Kaset ɗin VHS kansa wuri kaɗan ya ware wa launi, kuma duk juyin da aka yi daga kaset zuwa kaset sai an yi asara: ja ya malala ya wuce iyakar riga, kore ya dushe, fuska ta yi dishi-dishi. Mai tace fim a lokacin ba shi da abin gyara da ya wuce ƴan maɓallan haske da kaurin launi. Faifan sidi da ya biyo baya ya kawar da asarar juyi, sai dai ya matse hoton har yana fashewa dabbare-dabbare. Duk da haka jama'a sun karɓa hannu biyu, domin harshensu suke ji, mutanensu suke gani. Wannan zamani ya bar mana ɗimbin shaidar bukukuwa da wasanni, amma launin da ke cikinta ba abin dogaro ba ne.

Yadda aikin yake a zamanin dijital

Kyamarar RED One ta fito a 2007, Canon 5D Mark II a 2008, Arri Alexa a 2010, kuma cikin ƴan shekaru zaren fim ya zama na ƴan tsiraru. A cikin irin wannan kyamara akwai faranti mai miliyoyin ƙananan idanu, kowane ido launi ɗaya yake gani: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976. Kwamfuta ce ke lissafa sauran launin kowane ɗigo daga maƙwabtansa. Alexa na iya riƙe kimanin matakan haske 14, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi, wato wuri mafi haske ya fi mafi duhu sau dubu goma sha shida da ɗoriya. Dattijon kasuwar Madawa yanzu zai iya fitowa da ɗinkin rigarsa da ƙwayar idonsa a hoto ɗaya.

Domin kada wannan yalwa ta zube, kyamara na adana hoton ne ɗanye, ko kuma a wani tsari da ake kira log. Wanda ya dubi irin wannan hoto kafin a taɓa shi zai gan shi toka-toka, kamar an ɗauke shi cikin hazo. Launin yana nan cikin lambobi, yana jiran mai fitar da shi. Hoton da aka adana da bit 8 yana da matakai 256 ga kowane launi, mai bit 10 yana da 1,024, mai bit 12 kuma 4,096, kuma yawan matakan ne ke ba mai gyara damar jan hoto ba tare da sama ta tsattsage layi-layi ba.

Aikin na tafiya daki-daki. Da farko a juye katin kyamara a faifai biyu ko uku, a tabbatar babu abin da ya ɓace kafin a goge shi. Sai a yi ƙananan kwafi marasa nauyi, da su mai tacewa zai jera labari. Idan mai ba da umarni ya ce jeri ya tsaya, a mai da shi kan hotunan asali. Daga nan mai daidaita launi ya karɓa: ya tsai da baƙi a matsayinsa, fari a nasa, ya sa hoton da aka ɗauka da hantsi ya dace da wanda aka ɗauka da la'asar in wuri ɗaya ne a cikin labari. Bayan haka ya shiga gyara na biyu, wanda ma'aikacin Paris bai taɓa samu ba: ya zagaye fuska ita kaɗai ya haskaka ta, ya zaɓi koren ganye ya ƙara ko ya rage, ya bar sauran. Daga ƙarshe a ba fim ɗin kamannin da ake so, a haɗa da sauti, a fitar da kwafi ta gidan sinima, da ta telebijin bisa ƙa'idar Rec. 709 ta 1990, da ƙarama ta wayar hannu. Ana yin wannan ne a ɗaki mai bango ruwan toka, gaban allon da aka auna, domin ido na saurin sabawa da kuskure. Akwai kuma na'urorin awo a gefe, ɗaya daga cikinsu na nuna wani abin sha'awa: fatar ƴan Adam, baƙi da fari, kusan layi ɗaya take bi wajen launi, a yawan haske ne ta bambanta.

Manhajar DaVinci, wadda a da manyan kamfanoni kaɗai ke iya sayen injinta, ta koma hannun kamfanin Blackmagic Design a 2009, kuma tun 2011 akwai nau'inta na kyauta. Abin da ya rage wa matashin Buza ko Keita shi ne kwamfuta mai ƙarfi, da wutar da ba ta yankewa, da allo mai faɗin gaskiya, da malamin da zai horar da idonsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya saba da allon waya mai ƙyalli yakan ɗauka kaurin launi shi ne kyau. Shi ya sa ake ganin bidiyon biki da aka ɗaga haskensa har amarya ta fi kanta fari, wanda kuwa maimaita awon katin Shirley ne da hannunmu.

Albasar Galmi

Fim ɗin da ya fi kusa da yankinmu shi ne na Sani Magori, ɗan Galmi da ke kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, wanda aka haifa a 1971. Ya karanci aikin gona kafin ya koyi shirya fim na gaskiya a jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal. A 2008 ya fitar da Pour le meilleur et pour l'oignon, da Hausa, kan wani aure da ya rataya ga girbin albasa da farashinta, kuma fim ɗin ya ci kyautar AMAA a Najeriya a 2009. A 2010 ya biyo da Koukan Kourcia, tafiyar wata zabiya zuwa Abijan domin kiran ƴan ci-rani gida. Kamfaninsa ya sa masa suna Maggia Images, sunan kwarin Majiya, kuma kamfanin na cikin waɗanda suka shirya L'Arbre sans fruit na A'isha Macky a 2016.

Albasar Galmi da launinta aka san ta a kasuwannin Afirka ta Yamma, har Faransanci ya kira ta violet de Galmi. Wannan launi, mai tsakanin ja da shuɗi, yana cikin waɗanda suka fi saurin zamewa a bidiyo. Cikin hasken la'asar sai ya karkata wajen ruwan ƙasa, cikin inuwa ya karkata wajen shuɗi. Manomin Galmi ko na Madawa da dillalin da ke loda buhu suna gane irin albasa da kallo ɗaya, saboda haka kuskuren da baƙo ba zai lura da shi ba, a wurinsu canza iri ne. Haka ma ƙyallin turkuɗi, da jan fatar dukawa, da bambancin ƙasar jigawa da ta fadama. Kowane ɗaya ilimi ne da ke cikin idon mutanen wurin, kuma babu manhajar da ke zuwa da shi.

Launi a matsayin shaida

A shekarar 2000 aka fitar da O Brother, Where Art Thou? a Amurka, fim ɗin Hollywood na farko da aka daidaita launinsa da kwamfuta daga farko har ƙarshe. An ɗauke shi a jihar Mississippi lokacin da ko'ina kore ne, amma mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya mai da ganyen ruwan ɗorawa domin ƙasar ta yi kama da busasshiya. A wannan shekara fim ɗin Traffic ya rina ƙasar Meziko rawaya, kuma salon ya yaɗu har ya zama alamar zafi da talauci. A 2020 mutanen Bangaladash sun koka da yadda Extraction ya rina birnin Dhaka. Ga ƙagaggen labari wannan zaɓin mai fasaha ne. Ga fim na gaskiya kan Adar kuwa magana ce ta shaida.

Dalili shi ne tarihin yankin nan na rabin ƙarni tarihin sauyin launi ne. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka soma dasa jerin dogon yaro a kwarin Majiya cikin gundumar Buza, layi bibbiyu, tazarar mita 100, domin tare iskar da ke kwashe ƙasa. A 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, aka gina madatsun ruwa da shingayen dutse, aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18, kuma mata ne suka ɗauki kaso mafi girma na aikin. Hotunan sama na garin Galma a gundumar Madawa, na 1975 da na 2003, waɗanda Gray Tappan da Chris Reij suka jera gefe da gefe, sun nuna yadda itatuwa suka yawaita a gonaki, sun kuma zagaya tarukan duniya a matsayin hujja.

To, mai daidaita launi da ya saba ganin Sahel rawaya zai iya, da jan maɓalli ɗaya, ya mai da koren Keita ruwan ƙasa, ya shafe gumin matan da suka ɗauki dutse a ka. Wanda ke son faranta wa mai ba da kuɗi kuma zai iya ƙara wa koren har tudun da bai farfaɗo ba ya yi kama da fadama. Duka biyun ƙarya ce, kuma babu wadda ke barin alamar da mai kallo zai gani.

Tsoffin finafinai ma na fuskantar wannan hukunci. Zaren Eastmancolor da ya yaɗu bayan 1950 yana dusashewa ya koma ja-ja, saboda rininsa na shuɗi-kore da na rawaya ne ke fara gudu. A 2016 aka gano zaren Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976, a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta farfaɗo da shi, aka nuna shi a bikin finafinan birnin a 2018. A 2017 gidauniyar Martin Scorsese da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinan Afirka ta FEPACI suka ƙaddamar da shirin farfaɗo da finafinai 50, aka fara da Soleil Ô na Med Hondo a Bologna. Aiki ne abin yabo, amma ya nuna cewa launin da jikokinmu za su ɗauka shi ne na jiya, a Turai ake sake tsai da shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tarihin ya kasu uku: zamanin da launi ke da kyau amma hukuncinsa na Paris, zamanin da aiki ya dawo gida amma launi ya raunana, da zamanin yau da kayan aiki suka wadata, saura horon ido da riƙon amana. Akwai abubuwa da malamai da ƙungiyoyin al'adu za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. Duk ƙungiyar da ta sa aka ɗaukar mata biki ko kokowa ko hira da dattijo, ta nemi hotunan asali waɗanda ba a taɓa ba, ta ajiye kwafi biyu a wurare daban, da rubutun rana da wata da wuri, domin kwafin da ya bi ta WhatsApp ya riga ya zubar da yawancin abin da ke cikinsa. Mai ɗauka ya saba nuna wa kyamara farar takarda ko katin launi a farkon kowane wuri, don wanda zai gyara bayan shekaru ya sami abin awo. Tsoffin kaset da ke cikin akwatuna a juye su tun akwai injin da zai karanta su.

A aji kuma, malami na iya haska hoto ɗaya na tudun Keita da rini biyu, ya tambayi yara wanne ne garinsu, ya sa su kira kowane launi da sunansa na Hausa. Idan kuma baƙo ya zo ɗaukar fim a Adar, haƙƙin mutanen gari ne su nemi a nuna musu shi kafin a rufe aikin launi. Rouch kansa ya koma Ayorou a 1954 ya haska wa masunta fim ɗin farautar dorina da ya ɗauka a wurinsu, suka ce masa kiɗan da ya sa bai dace ba domin dorina na jin sauti, ya kuwa cire shi. Abin da masuntan Ayorou suka yi wa sauti, manoman Majiya da matan Keita sun cancanci a ba su damar yi wa launi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.